Ƙura, Baƙin Mai da Amanar Mota

Duk wanda ya san tashoshinmu tun zamanin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna cikin 1975, ya san wata kyakkyawar al'ada ta tsofaffin direbobi wadda yau take neman shuɗewa. Da an idar da sallar asuba, tun yaron mota bai fara kiran fasinja ba, sai direba ya buɗe inji, ya zaro sandar awon baƙin mai ya share ta da tsumma, ya mayar ya sake zarowa, ya leƙa ruwan lagireto da man birki, kana ya kewaya tayoyi ɗaya bayan ɗaya. A wurinsu rayukan da za su ɗauka amana ce, kuma malamai sun daɗe da bayyana cewa tawakkali ba ya kore riƙon sababi.

Abin da ya wajabta mana wannan bincike fiye da mutanen ƙasashen da ake ƙera motocin, shi ne ƙura. Inji ba ya ƙona fetur sai da iska, har nauyin iskar da yake shaƙa ya ninka na fetur kusan sau 15. Saboda haka idan hunturu ya kankama, iska ta kwaso ƙurar Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe Kano da Damagaram, to, babu abin da ya tsaya tsakanin wannan ƙura da cikin inji face matatar iska, wadda takarda ce kurum. In ta toshe, mota ta rasa ƙarfi, ta yi ta shan mai. In kuwa ta yage, wanda sau da yawa yakan faru sa'ad da yaran gareji suka hure ta da iska mai tsananin ƙarfi da niyyar tsabtacewa, sai ƙurar ta shige ta gauraya da baƙin mai, ta dinga cin ƙarfe kamar dutsen niƙa, har ranar da shuɗin hayaƙi zai fara fita ta salansa. Shi ya sa su kansu maƙeran suka rubuta cewa mai bin hanya mai ƙura ya riƙa juyen mai kafin wa'adin da aka saba. Ina ganin wanda ya ji ƙyashin kuɗin matata, alhali ya san kuɗin sauke inji, bai yi wa aljihunsa adalci ba.

Lagireto kuwa, ruwan rijiya yakan bar masa tsatsa da datti, kuma haɗari ne babba a buɗe murfinsa yana da zafi.

Sai taya, inda gafala ta fi muni, domin ita kaɗai ke taɓa ƙasa. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, sun sha faɗakarwa a kan tsofaffin tayoyin da ake shigowa da su, waɗanda zanensu ke da kyau a ido amma robarsu ta riga ta bushe. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, watau 2319 na nufin mako na 23 cikin 2019. Awon iska kuma da safe ake yinsa, tun taya ba ta ɗau zafin kwalta ba, gama zafi yana ƙara awon, sai mai faci ya sauke iskar da ba ta yi yawa ba.