KARO-KARO TA INTANET: AIKI YA SAME MU, MAZAUNA KUDU

Duk wanda ya zauna a Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, ko Anacha, ya san abin da ake kira karo-karo. In an yi rasuwa, ko gobara ta ci rumfar wani, ko za a sake rufin masallaci, nan da nan sai a buɗe littafi a gidan Sarkin Hausawa, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Amma fa akwai waɗansu 'yan'uwa da har yanzu ba mu saba buɗe wa littafi ba, watau masu fasaha na gida: marubuta, da mawaƙa, da 'yan wasan kwaikwayo.

Mu ɗauki misali da unguwar Damilu ta cikin Jimeta, a Jihar Adamawa. A ce wani saurayi a can ya rubuta labari da Hausa ko Fillanci, yana so ya mai da shi fim. Abokan wasa ba za su yi masa wuya ba, wuraren ɗaukar hoto kuwa ga bakin kogin Binuwai nan. Abin da zai tsai da shi shi ne kuɗin hayar kyamara, da abincin ma'aikata, da ladan mai tace hoto. Banki ba ya ba da rance a kan labari. Ta haka ne ayyuka masu kyau suke ƙarewa a ƙarƙashin katifa.

A da, gwamnati ce uwa ma ba da mama. Marigayi Adamu Halilu, mutumin Garkiɗa ta Adamawa, da kuɗin gwamnati ya shirya fim ɗin Shehu Umar a 1976, daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da wannan ƙofa ta rufe, sai samari suka koma dogaro da kansu, kamar yadda ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya a Kano cikin 1990. Yanzu kuma ga hanya ta uku ta samu, ita ce tara kuɗi daga jama'a ta intanet.

Mafi shahara cikin dandalin da ke wannan aiki shi ne Kickstarter, wanda aka buɗe a Amurka a 2009. Ga yadda tsarinsa yake. Mai aiki zai bayyana abin da zai yi, ya faɗi adadin kuɗin da yake bukata, ya yanka wa'adi wanda bai wuce kwana 60 ba. Masu sha'awa sai su yi alkawarin abin da za su bayar, shi kuma ya yi musu alkawarin tukuici, kamar kofin littafin ko sa sunansu a ƙarshen fim. In kuɗi suka cika kafin wa'adi, sai a cire daga asusun kowa a miƙa masa, kamfanin ya ɗauki kashi 5 cikin 100. In ba su cika ba, ba a taɓa ko kwabon kowa. Waɗanda ke cin nasara kuwa ba su kai rabin masu nema ba.

Kada a ce wannan abin Turawa ne kaɗai. Da irin wannan gudummawa aka shirya wani fim na harshen Buzaye a Agadas ta Jamhuriyar Nijar, wanda mawaƙin nan Mdou Moctar ya fito a ciki, ya kuma fita a 2015. Haka nan Roye Okupe, haifaffen Ikko, ta Kickstarter ya tara kuɗin buga littafinsa na zane mai suna Malika, wanda ya samo tushensa daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau.

To, amma akwai gizo a saƙar. Waɗannan ayyuka biyu duk daga Amurka aka buɗe musu asusu, domin Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da Kickstarter ya yarda mazaunansu su nemi kuɗi. Saboda haka saurayinmu na Damilu, in ba shi da wani a waje, wannan ƙofa a kulle take.

Sai dai ba dandalin ne abin koyi ba, tsarin ne. Yau mai goro a Agege yana iya aika kuɗi Jimeta daga wayarsa kafin shayinsa ya huce. In aikin na bukatar Naira miliyan 1, mutum 200 ne kacal za su ba da 5,000 kowanne. Direbobin tirela da 'yan kasuwar shanu da masu canji 'yan Adamawa da ke Kudu sun ninka haka sau da yawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannuwan muna da su.

Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne amana. Da yawa cikinmu sun taɓa aika taimako saboda wani saƙo da suka gani a Facebook ko WhatsApp, daga baya labari ya sha bamban. Wanda maciji ya sara kuwa, in ya ga tsumma sai ya gudu. Don haka kafin mu ba da ko sisi, ya kamata mu nemi abubuwa huɗu. Na ɗaya, mai aikin ya nuna abin da ya riga ya yi, ko da babi guda ne ko wasan minti biyar. Na biyu, ya rubuta lissafin abin da kowace Naira za ta yi. Na uku, kuɗin su shiga asusun ƙungiya mai masu sa hannu biyu ko uku da aka sani a unguwa, ba aljihun mutum ɗaya ba. Na huɗu, a yanka rana, in kuɗi ba su cika ba a mayar wa kowa nasa.

A kuma bambance gudummawa da zuba jari. Wanda ya ba da gudummawa tukuici zai samu, ba riba ba. In kuwa an yi maka alkawarin riba, to wannan ya shiga ƙarƙashin dokokin da hukumar kula da hannayen jari ta ƙasa ta fitar a 2021, sai ka bincika ko masu neman suna da rajista.

Jama'a, 'ya'yanmu da aka haifa a nan Kudu, waɗansu Yarbanci ya fi Hausa ko Fillanci zama a bakinsu. Littafi ko fim da aka yi a gida shi ne zai riƙa tuna musu inda aka fito. A taron ƙungiyarku na wata mai zuwa, bayan an gama maganar gaisuwar mutuwa da kuɗin mota, a buɗe sabon shafi a littafin don masu fasaha. Allah Ya ba mu ikon yi, Ya kuma ba su ikon riƙe amana, amin.