Baƙon da ya ɗauko asirin tangaran daga ƙasar Sin

Shekaru ɗari uku da suka wuce, sarakunan Turai suna zubar da dukiya mai yawa wajen sayen tangaran, abin nan da Bahaushe ke kira faɗi-ka-mutu. Maginansu sun yi ta ƙoƙarin kwaikwayonsa, amma abin da suka gina bai kama ƙafar na ƙasar Sin ba wajen fari da ƙarfi da sheƙi. A Jamus kaɗai aka dace, inda aka buɗe masana'antar Meissen a 1710, su kuwa suka ɓoye asirinsu ƙwarai da gaske.

Ana cikin haka sai wani limamin Katolika mutumin Faransa, mai suna François Xavier d'Entrecolles, ya riƙa kai ziyara garin Jingdezhen na lardin Jiangxi. Shi dai wannan gari shi ne cibiyar tangaran ta ƙasar Sin, ya kuma sami sunansa a shekarar 1004 daga zamanin mulkin wani sarki na daular Song. Abin da ke kai limamin can shi ne duba mabiyansa, amma da yake da yawansu magina ne, sai ya buɗe ido da kunne. Ya shiga wuraren aiki, ya tambayi magina da fatake, ya kuma karanta littattafan tarihin yankin. Ran 1 ga Satumba, 1712, ya rubuta doguwar wasiƙa zuwa gida, ya ƙara ta biyu a 1722.

A cikin wasiƙar ya ce akwai matoya wajen 3,000 a garin, wanda ya iso da dare kuwa sai ya zaci gobara ce ta kama ko'ina. Babban abin da ya bayyana shi ne cewa tangaran haɗin abu biyu ne. Na farko wani dutse ne da ake dakawa ya yi laushi, a wanke shi, a kwashe abin da ya taso sama, a shanya shi kamar tubali. Na biyu farar ƙasa ce daga wani tudu mai suna Gaoling, daga nan ne Turawa suka samo kalmar kaolin. Idan ana son tangaran mafi kyau, sai a haɗa su rabi da rabi. Dutsen shi ke narkewa ya ba da sheƙi, farar ƙasar kuwa ita ke riƙe da siffar kwano cikin wutar da a lissafin yau ta kai wajen digiri 1,300 a ma'aunin Salshiyas. Wani attajiri ya ba shi labarin wasu Turawa da suka sayi dutsen kaɗai suka kai ƙasarsu, aikin ya ƙi. Attajirin ya yi dariya, ya ce sun nemi tsoka ta tsaya ba ƙashi.

Abu na biyu da ya ba shi mamaki shi ne rabon aiki. An gaya masa kwano guda yakan bi ta hannun mutum 70 kafin ya fito kasuwa. Wani aikinsa zana zobe a bakin kwano kurum, wani ya zana fure, wani ya shafa masa launi, wani kuma tsuntsaye ne nasa. Kafin a toya, sai a sa kayan cikin akwatunan yumɓu don kada harshen wuta ya taɓa su. Duk da haka sana'ar tana da haɗari, domin wani lokaci wuta takan yi yawa, kayan matoya guda su narke su dunƙule kamar dutse, mai jari ya wayi gari ba shi da ko anini.

An buga wasiƙun a Faransa, aka sake fitar da bayaninsu a cikin babban littafin Du Halde a kan ƙasar Sin a 1735, daga baya aka juya shi zuwa Ingilishi. Da mutane suka san abin da za su nema, sai suka duƙufa binciken ƙasarsu. William Cookworthy ya gano farar ƙasar a Cornwall ta Ingila, ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1768. A wajen wannan lokaci ne aka same ta kusa da Limoges a Faransa, garin da ya shahara da tangaran har yau. Sannu a hankali cinikin da Sinawa suka daɗe suna mamaye da shi ya rabu.

Limamin ya rasu a Beijin a 1741. Jingdezhen kuwa ba ta daina gini ba, har Hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin biranen fasahar hannu a 2014. Irin farar ƙasar da Turawa suka sha wahalar nema akwai ta jibge a Ƙanƙara ta Jihar Katsina da Alkaleri ta Jihar Bauchi, amma yawancin kwanukan tangaran da amare ke jerawa a ɗakunansu daga ƙetare ake kawo su.