Zarton zayyana a hannun dattijo: ina arahar take?

Da zarar an gama cire masara da tsinkar auduga a ƙasar Bakori, an kai waken suya kasuwa, sai rani ya miƙe. Matasa kan gangara fadama noman tumatir irin wanda aka san Danja da shi, wasu su tafi cin rani Funtua ko Kaduna. Wanda ake bari a gindin bedi da rediyo shi ne dattijon da gwiwa ta fara yi wa gardama, da ma'aikacin da ya ajiye aiki. Ƙa'idar aikin gwamnati ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Ke nan wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 22 zai dawo gida yana da 57, hankalinsa garau, hannunsa da sauran amfani. A cikin irin waɗannan bayin Allah akwai masu sha'awar aikin katako, amma ba irin na kafinta mai saɓa falanki yana hawa rufin kwano ba. Abin da suke so shi ne aikin da za a yi a zaune, a zaure, a tsanake.

Akwai injin da aka ƙera don irin wannan, wato zarton zayyana, wanda masu shagon kayan aiki ke kira sukurol so. Zubinsa kamar keken ɗinki ne: faranti a shimfiɗe, hannu ya tanƙwaro daga baya, sai dai a gurbin allura akwai siririn ruwan zarto mai tsawon inci 5 da ke hawa yana sauka ta wani ɗan rami. Ba zarton ake turawa ba, katakon ake juyawa da hannu biyu a bisa layin da aka zana. Gwanintarsa ita ce yankan ciki: a huda ɗan rami a tsakiyar katako, a zura ruwan ta nan, a ɗaure, a yanke siffa ba tare da an taɓa gefe ba. Da haka ake fitar da Dagin Arewa a tsakiyar allo, ko harafin Larabci da duk lungunansa. A kiyaye, mai shago na iya miƙo jigso ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Jigso a hannu ake riƙe shi, yana fizga, kuma ba ya iya ƙananan lanƙwasa.

Tambayar farko da kowa ke yi ita ce nawa ne. A Amurka ƙananan injuna masu wuyan inci 16, irin na kamfanin WEN, ba sa wuce dala 100 zuwa 200. DeWalt DW788 mai inci 20 yakan kai dala 500 ko sama da haka, na Hegner ɗan Jamus kuwa sai a haura dubu. Inci 16 ɗin nan tazara ce daga ruwan zarton zuwa gindin hannun inji, kuma ta ishi mai koyo har ya ƙware. Wanda bai shirya yanka ƙofar ɗaki ba bai da buƙatar inci 20. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da hukuma ke bayarwa a kusan naira 460 ta haura 1,500 a 2024, don haka ko ƙaramin ma ya zama abin da sai an zauna an yi shawara da iyali. A kasuwanninmu an fi cin karo da tambari irin su Ingco da Total, masu ɗan moto na wat 85, da kuma tsofaffin injunan Turai da ke zuwa cikin kayan gwanjo.

Sai dai a ganina kuɗin injin shi ne ƙaramin lissafi. Wanda ke zaune a Bakori ko Tsiga ko Kabomo, abin da zai yanke masa hukunci ko ya yi araha ko ya yi asara shi ne ruwan zarton, da wuta, da yanayin jikinsa.

Ruwan zarton nan abin ci ne, ba abin ajiya ba. Yana dakushewa cikin ɗan lokaci, yana kuma karyewa, musamman a hannun mai koyo da ke danna katako da ƙarfi ko ya bar ruwan da sako-sako. Masu wannan sana'a dozin-dozin suke saye. Iri biyu ne. Akwai mai ɗan ƙusa a kowane kai, wanda ake ratayawa kawai a ja. Sa shi ba wuya, ko da yatsu sun fara tauri. Illarsa yana da kauri da faɗi, sai an huda rami kusan milimita 5 kafin ya wuce, kuma ba ya juya kwana mai tsini. Akwai kuma marar ƙusa, wanda ake matsewa da noti; shi ne ke da lambobi tun daga siriri ƙwarai har zuwa lamba 12, shi ne kuma ke fitar da aikin da za a kalla a ce ma sha Allah. Lamba 5 ita ce ta yau da kullum. Yawancin injuna masu araha an yi su ne don mai ƙusa, sai a haɗo su da wasu 'yan ƙarafa biyu da ake ɗaura wa marar ƙusa da alanki. A nan ne dattawa da yawa ke gajiya. Zayyana ɗaya na iya samun ramuka talatin, kowane rami sai an kwance an zura an ɗaure. Idan kowace ɗaura sai mutum ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin faranti yana lalube da alanki cikin duhu, kafin la'asar baya ya ƙage, sha'awa ta tafi, inji ya koma bayan ƙofa an rufe shi da buhu. Saboda haka injin da ake matse ruwansa da yatsa, wanda kuma abin ɗaure tsaurinsa ke gaba inda hannu ke kaiwa, ya fi wanda ya gaza shi kuɗi amma sai da kayan kwance-kwance. Araha ba ta ado.

Kuma kafin a biya ko sisi, a tambaya ina za a samu ruwan in ya ƙare. Shagunan kayan gini na Funtua da Malumfashi sun saba da zarton hannu da na yankan ƙarfe, ba lalle a tarar da wannan ba. Galibi sai an aika Sabon Gari a Kano, ko Kaduna, ko a sa yaro ya yi oda ta waya daga Legas. Injin da ruwansa ba ya samuwa, komai kyansa, ƙarfe ne kawai.

Sai wuta. Yankinmu yana ƙarƙashin KEDCO, mai raba lantarki a Kano da Katsina da Jigawa, kuma kowa ya san yadda take zuwa a garuruwan karkara. Abin daɗin shi ne injin ba ya cin wuta: wat 85 zuwa 150, bai fi fanka biyu ba. Ɗan sola da batir da inbata na gida suna ɗaukarsa. Amma injin da ake rage wa gudu da ƙara masa, yawanci daga bugu 400 zuwa 1,600 a minti, yana da ɗan allon lantarki a ciki wanda ba ya jure wutar da ke hawa da sauka. Ƙaramin janareta da ke tari yana iya ƙona shi, kuma mai gyaran rediyo ba lalle ya samu madadinsa ba. Sitabilaiza ta shiga lissafi ke nan. Duk da haka ina ganin rage gudun ya cancanci kuɗinsa, domin mai koyo yana buƙatar inji ya tafi a hankali har hannunsa ya saba.

Wani tarko kuma yana jiran 'ya'yan da ke waje masu son faranta wa mahaifi. Wutar Najeriya bolt 230 ce mai zagaye 50 a daƙiƙa. Ta Amurka 120 ce mai zagaye 60. Injin da aka sayo daga can, in aka soka shi kai tsaye, nan take zai ƙone. Taransifoma na rage ƙarfin wutar, amma ba ta canza zagayen, don haka wasu motocin injin kan yi sanyin gudu su kuma yi zafi. Wanda aka yi don Ingila ko Jamus, irin su Scheppach da Einhell, shi ya dace da wutarmu.

Ba dole ba ne ma sai da lantarki. Wannan zarto ya girmi wutar gida. A shekarun 1870 kamfanin W. F. da John Barnes na garin Rockford a jihar Illinois yana ƙera wanda ake tukawa da ƙafa, har da mai sirdi da feda. A Ingila kamfanin Hobbies na garin Dereham ya yi suna da masu tafin ƙafa, ya kuma fara fitar da mujallar zane-zanen yanka a 1895. Har yau akwai masu ɗaukar ƙafar tsohon keken Singer su ɗora mata hannun zarto. A garin da kowace unguwa ke da tela da mai walda, ban ga abin da zai hana a gwada ba, in dai gwiwar mai shi za ta yarda. Ƙasa da wannan kuma akwai zarton zayyana na hannu, mai doguwar baka, wanda kuɗinsa bai kai na buhun taki ba. Wanda ya yi rani guda da shi zai san ko sha'awar ta gaske ce kafin ya taɓa kuɗin sallamarsa.

Jiki kuma yana da nasa sharaɗin. Daga shekara 40 zuwa 45 ido kan fara kasa ganin abu na kusa, kuma aikin nan bin layin fensir ne. Tabarau na karatu da fitila mai haske da za a karkato kan faranti sun fi duk wani ƙyale-ƙyalen da aka zana a kwali. In layin na rabuwa biyu ko hazo na rufe shi, a fara ganin likitan ido, don yana iya zama yanar ido ce ko hawan jinin ido. Mai ciwon suga da yatsunsa suka fara rasa ji shi ma ya yi hattara. Gaskiya ne wannan zarto yana cikin mafi sauƙin haɗari a injunan katako, abin da ya fi yi shi ne yanka fata, amma rauni a yatsan mai suga ba ƙaramin abu ba ne. A naɗe hannun riga, kada a sa safar hannu, haƙoran ruwan su kalli ƙasa, in an tashi a zare waya saboda jikoki.

Jijjiga ita ce babban aibin injuna masu araha. Marar nauyi yakan yi rawa a kan tebur, layi ya riƙa gudu, hannu ya mutu. DeWalt ɗin can yana da kusan kilo 25, ƙananan kuwa kusan rabin haka. Maganin ba tsada: a ɗaure injin da noti a kan benci mai nauyi, a shimfiɗa guntun tayar mota ko roba a tsakani, a aza buhun yashi a ƙasan bencin. Tsayin bencin ya zama mutum na zaune a kujera mai majingina, kafaɗunsa a sake.

Game da katako, kwali zai ce injin na yanka kaurin inci 2. Yana yi, amma da ƙyar. Aikinsa na gaskiya daga filawud ɗin milimita 3 ne zuwa katakon da bai wuce inci ɗaya ba. Malaina tana da laushi da haske, ta dace da koyo. Maɗaci yana ba da ja mai kyau in an goge shi da samfefa an shafa mai. Aduwa, wadda masassaƙa suka daɗe suna fafe allon karatu da ita, tana da ƙarfi da santsi. Ƙirya kuwa a bar wa masu turmi da gizago, cinye ruwan zarto za ta yi. Ba sai an sayi falanki ba. Guntayen da kafintoci ke zubarwa, ko na 'Yan Katako a Na'ibawa in an shiga Kano, sun wadatar. A tabbata dai ya bushe, don ɗanyen katako in hunturu ya buge shi tsagewa yake. Ƙurar kuma ba abin wasa ba ce: tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo kansa, musamman a hanci. Ta katakon MDF ta fi muni saboda gam ɗin da aka haɗa shi da shi. A yi aiki inda iska ke wucewa, a sa takunkumin ƙura na gaske, ba rawani ba.

To me za a yi da shi? Kada dattijo ya sa ran zai maye masa gurbin gona. Amma makarantun firamare da Islamiyyu suna buƙatar haruffa da lambobin da yaro zai riƙe a hannu. Ana son abin ɗora Alƙur'ani, da firam, da allon suna na ƙofar shago, da murfin kaskon turaren wuta mai huda-huda na ɗakin amarya. Wasan haɗa guntaye ma da taswira ya fara: wani mai zanen taswira a Landan, John Spilsbury, shi ya manna taswira a katako ya yayyanka ta ƙasa-ƙasa a shekarun 1760 don koyar da yara. Tsohon malamin da ya yanka taswirar Katsina gida 34, kowace ƙaramar hukuma da guntunta, Bakori ta zauna kusa da Funtua da Danja da Ƙafur, ya yi abin da hedimasta zai saya.

Ranar saye, kada a aika. In an aika ma, a aiki wanda zai sa a kunna. A tafi da guntun katako a yanka a gaban mai shago. A ɗora kofin shayi a kan faranti a ga ko zai yi tafiya. A tsaya ta gaba a dubi ruwan yana motsi: in ya zama layi ɗaya siriri, lafiya, in ya yi faɗi kamar inuwa, hannun injin ya karkace, a bar shi. Dattijon da kansa ya kwance ruwan ya mayar sau uku, ba yaron shago ba. In na gwanjo ne, a duba farantin bayanin da ke jikin moto a ga 220 zuwa 240, a kuma tabbata maƙallan ruwan na sama da na ƙasa duk suna nan, don su ne suka fi ɓacewa kuma ba a samun su. 'Yan ruwan da ke zuwa cikin kwali ba sa kai mako, sai a haɗo da dozin uku ko huɗu na lamba 5 da dozin guda na lamba 3 kafin a hau motar Funtua.