Gyaran Kicin da Falo: Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

Tsadar siminti da ta kuɗin aiki ta sa magidanta da yawa a biranenmu sun koma gyara kicin da falonsu da hannunsu. Wannan abin yabo ne, domin babu kunya ga malami ko ma'aikacin ofis ya riƙe buroshin fenti a gidansa. Sai dai akwai wani yayi da ya biyo bayan haka wanda ya kamata a yi wa karatun ta-natsu, wato rushe bangon da ya raba kicin da falo don a mayar da su fili ɗaya, kamar yadda ake gani a YouTube.

Yawancin bidiyoyin nan daga Amurka suke, inda ake gina gidaje da katako, a rufe bangon ciki da allon farar ƙasa wanda guduma ke fasawa cikin sauƙi. Ko a can ma, ba a cire bangon da ke ɗauke da nauyi sai an sa gimshiƙin da zai maye gurbinsa. Namu gidajen kuwa na bulo ne. Bisa al'ada, bulo mai inci 9 ne ke ɗaukar nauyi, mai inci 6 kuma ya raba ɗakuna, amma magina da dama kan yi amfani da mai inci 6 a ko'ina don rage kuɗi. Saboda haka kaurin bango ba hujja ba ne. Bangon da ka raina yana iya zama shi ke tallafe da rufi ko bene, kuma ba lallai tsagewar ta bayyana a ranar da aka rushe shi ba. Idan an zuba sabon lintal, kankare na buƙatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka tsara masa. Wannan aikin injiniya ne mai rajista da hukumar COREN, kuma kuɗin shawararsa bai kai na sake rufin gida ba.

Gas ma haka yake. Iskar da ke cikin tukunyar girki ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka idan ta yi yoyo ƙasa take kwantawa. Wanda ya ɓoye tukunyar a durowa marar huji don kicin ya yi kyau, ya tanadar wa iyalinsa haɗari, musamman idan akwai soket a kusa. Wayar lantarki kuwa, idan ta yi siriri ga firji da butar dafa ruwa, zafi take ɗauka a cikin bango inda ido ba ya gani.

Bayan batun tsaro, akwai na zamantakewa. Falon Bahaushe magajin zaure ne, nan ake saukar baƙi maza. Idan aka cire bango, uwargida ta rasa sakewa a wurin aikinta, ƙaurin manja da tarugu kuma ya zauna a labule da kujeru. Kafin a kira magini, ita ya kamata a fara tambaya, domin ita ta san inda hayaƙi ke taruwa da inda tsayuwa ke gajiyar da ita. Sau da yawa abin da take buƙata bai wuce faɗaɗa taga, da fankar zuƙe hayaƙi, da ƙaramar kafar miƙo abinci ba.

Fenti mai haske, da kafa kantoci, da sauya kan famfo da hannayen durowa, duk magidanci zai iya yin su a ranakun hutu. Bango da gas da lantarki kuwa, a bar wa masu sana'ar, domin kuskure a cikinsu ba a kan mai gudumar kaɗai yake faɗawa ba, har da yaran da ke barci a ɗaki na gaba.