Ƙamshin Sabon Katako a Cikin Kwalba

Duk wanda ya taɓa bi ta rumfar kafinta da hantsi, zarto na cin katako gari na zuba ƙasa, ya san wannan ƙamshi. Ɗan makaranta ma ya san ƙaninsa, wanda ke tashi idan ya feƙe sabon fensir. Busasshen ƙamshi ne mai ɗan kaifi, ba shi da zaƙin fure, ba shi da nauyin miski. Sai dai ransa gajere ne. Ɗauki guntun katakon nan ka ajiye a ɗaki, bayan mako guda ka shinshina, za ka ji kusan babu komai sai ka sake kankare shi da wuƙa. Wannan gajartar rai ita ke wahalar da masu haɗa turare, musamman ƙananan da ke aiki da hannu, idan suka ce za su kama ƙamshin sabon yanka su zuba a kwalba.

Bishiya ba ta gudu, ba ta korar ƙwaro da wutsiya. Makaminta shi ne mai da ƙaro da take tarawa a jikinta, masu hana gara da gwano da fumfuna sakat. Masana suna kiran mafi yawan waɗannan sinadarai da suna tarfin. Suna kulle cikin ƙananan hanyoyi a jikin itacen, sai gatari ko zarto ya fasa hanyoyin su fito gaba ɗaya. Amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Akwai marasa nauyi, masu ƙwayar kabon 10, irin wanda ya cika bishiyar fayin ta ƙasashen sanyi. Su ne ke dukan hanci da farko, su ne kuma ke fara gudu cikin iska. Akwai masu kabon 15, irin na al'ul da sandal, waɗanda ke daɗewa shekara da shekaru. Abin da hanci ke kira "sabon yanka" haɗuwar biyun ce a ɗan ƙanƙanin lokaci, tare da ɗanyen ruwan bishiyar da ɗumin da zarto ya haifar.

Hanyar da aka saba tatso mai daga itace ita ce ta tururi. Ana niƙa itacen, a zuba garin a babbar tukunya, a tura masa tururi. Tururin ya kwashi man, ya bi ta bututun da ke cikin ruwan sanyi, ya koma ruwa, man ya taso sama a kwashe. To kafin a kai ga haka itacen ya bushe, an niƙa shi, ya sha zafi na awoyi masu yawa, marasa nauyin nan sun daɗe da tafiya. Man da ake samu yana da daɗi, amma ƙamshinsa na cikin tsohuwar adaka ne. Saboda haka mai turare ba ya samun sabon yanka a kwalba ɗaya da zai saya. Gina shi yake yi.

Tubalin ginin yawanci al'ul ne, kuma sunan yana ruɗarwa. Al'ul na ainihi shi ne dangin wanda ke jikin tutar Labanan, kuma cikin waɗanda ake tatsa a yau akwai na tsaunukan Atlas a Maroko, wajajen Azru da Ifran. Mansa yana da ɗan zaƙi da nauyi, wasu ma suna jin ɗan ƙarni a cikinsa. Wanda ke ba da ƙamshin fensir kuwa wata bishiya ce daban ta gabashin Amurka, da ake kira al'ul na Bajiniya ko da yake ba danginsa ba ce. Da ita aka riƙa yin fensir har manyan bishiyoyinta suka yi ƙaranci a farkon ƙarni na 20, masana'antu suka koma ga wata ta Kalifoniya. Manta, wanda galibi daga garin katako da kututture ake samunsa, yana cikin mafiya araha a kasuwar turare, amma babu abin da ya kai shi ba da wannan bushewa ta rumfar kafinta.

Sandal da udu, waɗanda mu muka fi sani ta turaren wuta da humra, ba su cika shiga wannan aiki da yawa ba. Sandal laushi gare shi kamar madara, udu kuma tsohon rauni ne da bishiya ta yi shekaru tana jinya. Duka biyun suna jan ƙamshi zuwa ga tsufa, alhali ƙuruciya ake nema.

Wanda ya fi kusa da abin da ake so shi ne hinoki na Japan, farin katako mai ƙamshi kamar an goga masa ɓawon lemun tsami. Japanawa suna yin bahon wanka da shi, suna kuma gina wuraren ibadarsu. Babban wurin bauta na Ise ana sake gina shi da sabon hinoki duk shekara 20, na baya-bayan nan a 2013. A 2008 kamfanin Comme des Garçons da mujallar Monocle suka fitar da wani turare mai suna Hinoki, wanda har yau masu son irin wannan ƙamshi ke auna sauran da shi. Kafin shi, a 1992, Shiseido ya fitar da Féminité du Bois ƙarƙashin jagorancin Serge Lutens, Bafaranshen da ya zauna a Marakish, inda aka sa al'ul a tsakiyar turaren mata, a zamanin da Turawa ke ɗaukar ƙamshin itace na maza ne. Matan Borno da na Sudan, da suka gaji turara jiki da hayaƙin itace tun kaka da kakanni, za su yi mamakin jin cewa wannan sabon abu ne a Faris.

Bayan tubali sai abin da zai mayar da itacen ɗanye. A nan gwanintar take. Mai turare yana ɗora man allurar fayin don kaifi, da ɗigon masoro don ƙaiƙayin da garin katako ke sa wa hanci, da ɓawon lemo don haske. Sai ɗan ƙanƙanin abu mai ƙamshin ganye, kamar ƙaron galbanum na Iran ko sinadarin da ke tashi idan an yanke ciyawa, don ya tsaya a madadin ruwan bishiya. Idan man fayin ya yi yawa ko da ɗigo ɗaya ne, sai turaren ya koma warin maganin goge ɗaki, domin da man fayin ake yin irin waɗannan magunguna. A ƙasa kuma ana shimfiɗa saiwoyi: betiba, 'yar'uwar jemarmu ta fadama, wadda Haiti ke kan gaba wajen tatsar manta, ko nagarmota ta Indiya, dangin kajijin da matanmu ke sa wa turaren wuta.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa daga kowace bishiya. A 1973 masanan kamfanin IFF na Amurka suka ƙirƙiro wani sinadari da aka sa wa suna Iso E Super. Shi kaɗai ƙamshinsa sanyi-sanyi ne, kamar al'ul daga nesa, har wasu mutane ba sa jin sa sam. Amma idan ya shiga haɗi yana buɗe shi, ya sa iska a tsakanin sauran. A 2006 Bajamushe Geza Schoen ya zuba shi shi kaɗai a kwalba da sunan Molecule 01, kuma ya samu kasuwa. Mai saye ya yi hattara da kirarin "na halitta zalla" da wasu ke yi wa hajarsu. Ƙananan masu turare da dama suna amfani da irin waɗannan sinadarai, kuma ni ban ga aibin haka ba. Son man asali ne ya kusa ƙarar da sandal na Maisur a Indiya, shi ne kuma ya sa a 2010 aka saka jan itacen turare na dajin Amazon cikin jerin waɗanda ake sa wa cinikinsu ido a duniya.

Abin da ya bambanta mai aikin hannu da babban kamfani shi ne yawa da haƙuri. Yana auna kayansa da ƙaramin sikeli, giram-giram, ya rubuta, ya tsoma siririyar takarda ya shinshina yanzu, ya sake bayan awa ɗaya, ya sake gobe. Haɗi ɗaya kan ci gwaji da yawa kafin ya zauna. In ya zauna sai a narka shi, galibi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a ruwan sifirit, ko a cikin mai ga masu ƙyamar sifirit, a rufe a wuri mai duhu na makonni har kayan su saba da juna, sannan a tace. Da yake man bana ba ya zama daidai da na bara, kwalbar da ka saya yau tana iya ɗan saɓawa da wadda za ka saya baɗi.

Duk da wannan wahala, dokar nauyi tana nan. A fata, kaifin sabon yanka ba ya wuce ɗan lokaci, daga nan al'ul da saiwoyi su karɓi ragamar. A zafin bazara irin na Sakkwato ko Damagaram abin ya fi sauri, don haka wanda ya gwada turaren a shago mai na'urar sanyi ya fita rana zai iya zaton an cuce shi. Masu sabo da shi suna fesa shi a riga ko a hula, inda babu ɗumin jiki da zai kore shi, kuma sun fi ajiye shi sai hunturu ya shigo.