Fom ɗin Oda ta Wayar Salula: Bayani ga Ƙananan 'Yan Kasuwa na Kano ta Kudu

Sau da yawa saɓanin da kan shiga tsakanin mai sayar da masara a Doguwa, ko mai casar shinkafa a Tudun Wada, da dillalinsa na Dawanau, daga odar baki yake tasowa: an faɗa ta waya, ba a rubuta ba, kowa ya riƙe abin da ya ji. Wannan ne ya sa muke jawo hankalin jama'a ga fom ɗin oda na intanet.

Mai sana'a zai buɗe Google Forms kyauta da adireshinsa na Gmail, ya rubuta tambayoyinsa da Hausa: suna, lambar waya, irin kaya, adadi, wurin saukewa da ranar da ake buƙata. Daga nan sai ya tura wa abokan cinikinsa adireshin fom ɗin ta WhatsApp. Kowace amsa za ta shiga jadawali ɗaya, ɗauke da rana da lokacinta.

A ganinmu, gurbin ma'auni ne ya fi buƙatar natsuwa. Rubuta "buhu" kaɗai bai wadatar ba, domin yawan tiyar da ke cikinsa yakan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. A sa mai saye ya faɗi kilo ko yawan tiya, kuma a mai da cike gurbin ya zama dole.

Har ila yau, fom ba shaidar biya ba ce. Kada a yi lodi a Kwanar Dangora ko Tiga sai an ga kuɗi a asusu, ba hoton rasit ba. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai karɓar bayanan jama'a nauyin tsare su, don haka kada a nemi lambar BVN ko lambar sirrin kowa.

Muna roƙon jami'an ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa su isar da wannan bayani ga shugabannin kasuwanni.