Sana'ar Ƙawata Gida: Abin da Hoto Ba Ya Nunawa

Duk mai leƙa Instagram ko TikTok a 'yan shekarun nan ya ga yadda matasa, musamman mata, suka rungumi sana'ar tsara cikin gida da ƙawata shi. Falo ne ya sha silin POP da fitilu, labule har ƙasa, kujeru sun dace da kafet, a ƙasan hoton kuma ga lambar waya. Mai kallo sai ya ɗauka duk wanda ya iya haɗa launi ya iya sana'ar. Ba haka abin yake ba. Ido mai gane kyau shi ke kawo aikin farko, amma abin da ke kawo na biyu da na goma shi ne awo, lissafi, da iya zama da mutane.

Ƙawata ɗaki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun a ƙarni na 19 Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, wanda har yau masana gine-gine ke zuwa kallon bakunan ginin da zayyanar cikinsa. Gidan Makama a Kano da tsofaffin gidajen unguwar Birni a Damagaram suna nan da zanensu. A cikin gida kuwa, iyayenmu mata sun daɗe da sanin jere: kwalla da samira da tasoshi a kan kabad, gado mai rumfa, tabarma a kan daɓe. Abin da ya sauya shi ne, aikin da gwaggo da ƙawayen uwa ke yi don zumunci ya zama aikin da ake biyan wani ya yi. Da zarar kuɗi ya shiga, hisabi ma ya shiga.

Wanda zai fara ba ya buƙatar shago. Yana buƙatar tef ɗin awo, littafi, waya mai ɗaukar hoto da kyau, da ɗan sanin manhajar zane irin SketchUp don ya nuna wa mai gida yadda ɗakin zai kasance kafin a sayi ko ƙusa. Ya kamata kuma ya yi rajistar sunan kasuwancinsa a hukumar CAC, ya buɗe asusun banki da wannan suna, domin kamfanoni da ofisoshi ba sa son tura kuɗin aiki zuwa asusun mutum. Sauran jarin nasa ƙafa ce. In a Kano yake, sai ya taka Kantin Kwari ya san yadin labule, ya shiga Ƙofar Ruwa ya san farashin tayil da fenti, in a Kaduna yake ya san kafintocin Panteka, in a Abuja ne ya san Dei-Dei da Kugbo. Mai ƙawata gida ba da hannunsa yake yawancin aikin ba. Kafinta, mai fenti, mai wayarin, mai POP da telan labule su ne hannuwansa, kuma duk ranar da ɗayansu ya saɓa alkawari, sunansa ne zai ɓaci, ba nasu ba.

Awo shi ne wurin da sababbin shiga suka fi faɗuwa. Ana auna faɗin falo a manta da faɗin ƙofa, sai ranar kawo kaya a ga kujera mai zaman mutum uku ta ƙi shiga, ma'aikata na tsaye da ita a tsakar gida ana ta juya ta. Labule yana son yadi kamar ninki biyu na faɗin taga, ko fiye, kafin ya yi tattara mai kyau. Tayil ana ƙara kusan kashi 10 cikin 100 a kan awon ɗaki saboda yanka da fashewa, don in ya ƙare a tsakiyar aiki, da wuya a sake samun launin da ya yi daidai da na farko. Aikin kuma yana da jeri: a gama wayarin da famfo kafin a rufe silin, a bar POP ya bushe sosai kafin fenti ya hau. Wanda ya yi gaggawa, bayan wata biyu zai ga bango na ɓarewa. Akwai kuma iyakar da ba a ƙetarewa. In mai gida ya ce a fasa bango a haɗe ɗakuna biyu, wannan maganar injiniya ce, ba ta mai labule ba.

Sai yanayin ƙasarmu, wanda hotunan Dubai da Turkiyya ba su san da shi ba. Farar kujera ta karan-miski tana da kyau a waya, amma a gidan da ke da yara huɗu, ga ƙurar hunturu, ba za ta kai sallah biyu ba. Kafet mai kauri bango zuwa bango a garin da zafin bazara ke haura digiri 40 wahala ce, sai in akwai tsayayyar wuta. Gidan Bahaushe kuma yana da tsarinsa: baƙi maza ba sa ratsa falon mata, ana son wurin shimfiɗa dadduma ba tare da an ja tebur ba, tsofaffi da yawa sun fi son zama a ƙasa. Gwani shi ne wanda zai tambayi yadda ake rayuwa a gidan kafin ya buɗe hotuna.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci, a ganina, ita ce: wa ke da ta cewa? A aikin ofis ko shago amsar a fili take. A gidan amarya kuwa, inda yawancin masu wannan sana'a ke samun aikinsu na farko, abin da sarƙaƙiya. A al'ada ango ke samar da gida, iyayen amarya su kawo kayan ɗaki. Wato fenti da silin na aljihu ɗaya, gado da kujeru da labule na wani aljihun. Amarya ta turo hoton ɗaki mai ruwan toka, ango ya riga ya sa an shafa ruwan madara, ranar jere kuma gwaggo ta shigo ta ce, "'Yar nan, wannan labulen ai kamar na asibiti, ina mai ruwan gwal ɗin da muka gani?" Mai aikin da ba ta tsayar da mutum ɗaya tun farko ba za ta sauya labule sau uku daga aljihunta. Maganin shi ne a zaunar da su tun ranar farko, cikin ladabi: "Hajiya, wa zan riƙa nuna wa kaya ya amince kafin in saya?" Duk abin da aka amince da shi, a tura hotonsa ta WhatsApp, a sami amsa a rubuce.

Maganar rubutu ta kawo mu ga kuɗi. Mutanenmu na jin nauyin takarda, kamar neman sa hannu rashin yarda ne. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Takardar ba sai ta lauya ba. Shafi ɗaya ya isa, in dai ya faɗi ɗakunan da za a yi, kayan da za a saya da irinsu, ranar gamawa, sau nawa aka yarda a sauya tsari kyauta, da yadda za a biya: kafin alƙalami, sai kaso na biyu in aiki ya yi nisa, sai ciko ranar miƙa makulli. A rubuta kuma kwanakin da farashin zai tsaya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, kuma kayan wannan sana'a da yawa daga waje ake shigo da su. Wanda ya ba da farashi yau aka zo biya bayan wata biyu, da ladansa zai cike giɓin.

Ladan kansa ana yanka shi ta hanyoyi daban-daban. Wasu jinga suke yi, wasu kaso suke ɗauka daga jimillar kuɗin aikin, wasu kuɗin zane da shawara kawai suke karɓa, mai gida ya yi sayayyarsa. Kowacce ta yi, muddin mai gida ya san wacce ake kai. Abin da ke kashe sana'ar shi ne a ce "ni ba na cajin komai", sannan a cusa riba a ɓoye cikin kuɗin kaya, ko a karɓi la'ada daga mai shago a bayan idon wanda ya aike ka. Kano ba ta da girman da ake zato. Wata rana Hajiya za ta shiga Kwari da kanta ta tambayi kuɗin yadin. Gara a raba biyu a fili: ga kuɗin kaya da rasit ɗinsu, ga ladan aikina. Kuma kada kuɗin wannan gida ya tafi ƙarasa aikin wancan gida, don daga nan ake fara kashe waya.

'Yan uwa da abokai su ne kwastomomin farko, su ne kuma mafi wuyar caji. Ba laifi a yi musu ragi, ko a yi ɗaki ɗaya kyauta don a sami hoton nunawa, amma a faɗi ainihin kuɗin sannan a faɗi ragin, don kada wanda suka turo gobe ya zo da tsammanin araha.

Hoton ma sai da izini. Falon ofis ba matsala, amma ɗakin barcin matar aure ba abin da kowane miji zai yarda a baza a intanet ba ne, wasu kuma tsoron ɓarayi ne ke sa su ƙi. A nemi yardarsu tun a takardar farko, a ɗauki hoton kafin a shigo da kayan sawa da hotunan iyali, kada a ambaci unguwa. Ranar miƙa aiki a zagaya da mai gida ɗaki-ɗaki, a kunna kowace fitila, a ja kowane labule, a buɗe kowace durowa, a rubuta abin da ya rage da ranar da za a dawo a gyara shi, sannan a karɓi ciko.